Wa Ake Kira Ɗan Filato? Labarin Tafiyata Jos

A ƙasar Hausa ba a shan wahala wajen sanin abin da za a kira mutum muddin an san garinsu. Mutumin Kano Bakano ne, na Katsina Bakatsine, na Sakkwato Basakkwace, mu kuma da muka fito daga Zariya Zazzagawa ake ce mana. Da aka zo yanka jihohi sai da yawansu suka gaji waɗannan tsofaffin sunaye, har ya zama idan an ce Kabawa ko Zamfarawa ba a tsayawa tambayar tsohuwar daula ake nufi ko jiha. Filato ba ta shiga wannan sahu ba. Sunanta na tudu ne da Turawan mulki suka laƙaba wa lardin, ba na wata ƙabila ko masarauta ba, kuma Bahaushe bai samu damar ƙera masa tilo da jam'i yadda ya saba ba, domin da ya gwada sai ya faɗa cikin Bafilace, wanda tuni yake da masu shi. Saboda haka aka tsaya a kan ɗan Filato da 'yan Filato. Tafiyar da na yi zuwa Jos a hunturun da ya wuce ce ta nuna mini cewa wannan gajeren suna yana ɗauke da tambayar da har yau ba a gama amsa ta ba, wato wa ya cancanci a kira shi da shi.

Ɗaurin auren jikar kawuna ne ya kai ni. Mun tashi daga Zariya bayan sallar asuba, muka bi ta Pambeguwa da Saminaka, kuma daga nan ƙasa ta fara hawa a hankali, duwatsu suna ta matsowa bakin titi, wasu a ɗore kan wasu. A Jingir, garin da Sheikh Sani Yahaya Jingir yake amsa sunansa, mun riga mun shiga ƙaramar hukumar Bassa ta jihar Filato, kuma a nan ne fasinjojin da suka san hanya suka fara zaro rigunan sanyi daga jakunkunansu. Jos tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku, shi ya sa sanyinta na hunturu yake shiga har ƙashi, ga iska mai kaɗawa ba ƙaƙƙautawa.

Gidan kawuna yana Gangare, kuma a wannan gida aka haifi mahaifiyata. Kakansu ne ya baro ƙasar Zazzau yana saurayi ya zo aikin kuza, kamar yadda dubban mutane suka yi bayan kamfanonin Turawa sun fara haƙar ta a farkon ƙarni na 20. Ƙaramin layin dogon da ya taso daga Zariya, wanda aka rufe a 1957, shi ne ya riƙa kwaso lebura da fatake da mahauta da malaman allo, daga baya kuma babban layi ya iso a 1927, sai Ibo da Yarbawa da Urhobo suka ƙaru. Wanda ya zaga tsakiyar garin zai ji wannan tarihi a sunayen unguwanni: Gangare, Unguwar Rogo, Unguwar Rimi, 'Yan Shanu, Sabon Layi, Tudun Wada, Farin Gada. Mahaifiyata ta yi mafi yawan rayuwarta a Zariya, amma har Allah Ya karɓi ranta 'yar Jos dangin mijinta suke kiranta, ita ma ba ta taɓa ƙin amsawa ba.

Daren da na sauka, bayan sallar isha'i, muna zaune a zaure an kawo kasko da garwashi muna jin ɗumi, na tambayi kawu abin da su suke kiran kansu. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗana, mu Jasawa ne. A nan aka haife ni, a nan aka haifi ubana, kakana kuma a nan kabarinsa yake. In ka kai ni Zariya ka sake ni a Tudun Wada, wallahi sai na tambayi hanya." Ya bayyana mini cewa Hausawa da Fulanin garin da sauran Musulmin da suka narke cikinsu ne suka zaɓi wannan suna, a kan ma'aunin da aka ƙera Kanawa da Katsinawa, domin su nuna cewa ba su da wani gari da ya wuce wannan, har suna da ƙungiyar ci gaba da ke amsa sunan. Ya kuma lissafo mini Hausawan da suka riƙe sarautar garin a farkon zamanin Turawa, yana ƙirga su da yatsu, ba tare da ya yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Washegari a wurin walima na samu ɗaya ɓangaren maganar, kuma daga bakin mutumin da kawu da kansa ya kama hannuna ya kai ni gabansa. Dattijo ne ɗan ƙabilar Birom, tsohon malamin makaranta, abokinsa tun suna yara, wanda ya taso daga wajajen Bukur domin ya halarci auren. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ina son in ji yadda ku kuke kallon sunan nan na Jasawa." Bai ɓata rai ba. Ya ce, "Malam, kawunka ɗan'uwana ne, amma gaskiya ɗaya ce. Kafin Bature ya zo da injin haƙa, akwai mutane a kan tudun nan, Birom da Anaguta da Afizere, suna noman acca. Gonakin kakanninmu ne aka tone, je ka duba tafkunan da kuza ta bari daga Rayfield har Barikin Ladi. Ku kuna da Kano, kuna da Zariya, kuna da Sakkwato. Mu in wannan ya kuɓuce mana, ina muka nufa?" A wurinsa waɗancan sarakuna da kawu ya lissafa shugabannin Hausawan bariki ne kawai, sarautar ƙasa kuwa ita ce wadda aka naɗa Rwang Pam a kanta a 1947, wadda ake kira Gbong Gwom Jos, kuma Da Jacob Gyang Buba, tsohon shugaban hukumar kwastan ta ƙasa, yake riƙe da ita tun 2009.

Wani abin da dattijon ya ja hankalina a kai, kuma na ga ya kamata kowane Bahaushe ya riƙe, shi ne sunayen da muka daɗe muna kiran ƙabilun jihar da su. Filato tana da ƙabilu fiye da 40 a ƙananan hukumomi 17, kuma da yawansu mun san su ne da sunan da fatakenmu ko Turawa suka sa musu. Waɗanda muke ce wa Yargam, Tarok suke kiran kansu. Sura su ne Mwaghavul na Mangu, Ankwai su ne Goemai na Shandam, Angasawa Ngas ne na Pankshin da Kanke, Jarawan Jos kuma Afizere. Ya ce wasu ba su damu ba, amma wasu suna jin tsohon sunan kamar raini, musamman Tarok. A ganina wannan ba abin jayayya ba ne. Idan muna son a kira 'yan'uwanmu Jasawa domin sunan da suka zaɓa ke nan, to wajibi ne mu ma mu kira kowa da sunan da ya zaɓa wa kansa, ko da harshenmu zai ɗan sha wuya kafin ya saba.

Wannan saɓani na wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, bai tsaya a fatar baki ba, kuma duk wanda ya girmi shekara talatin a Jos yana da labarin da zai bayar. Tun da gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiri ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, kujerar shugabancinta ta zama abin ja-in-ja. An yi rikici a Afrilun 1994 kan naɗin shugaban riƙo, aka yi mafi muni a ranar 7 ga Satumba, 2001, sannan na Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙananan hukumomi, da na Janairun 2010. Babbar kasuwar Taminus, wadda a da ake alfahari da ita a duk Afirka ta Yamma, ta ƙone a 2002, kuma na tsaya na dubi kangonta, 'yan tireda sun kewaye shi da rumfuna da tebura. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda mai Keke Napep ɗin da ya zaga da ni yake nuna unguwanni yana cewa nan tamu ce, can tasu ce, da muryar da babu fushi a cikinta, domin shi a haka ya buɗe ido ya ga garin. Kawu kuwa ya rayu a lokacin da gidan da ke jikin nasu na Ibo ne, na gabansa na Birom, ana aika wa juna tuwon sallah da shinkafar Kirsimeti.

Duk da haka akwai abin da rikici bai raba ba, shi ne harshe da kasuwa. A kasuwar kayan gwari ta Farin Gada na tsaya gaban wata mata mai sayar da dankalin Turawa, ta jera shi a bokitai, manya a sama, jar ƙasar gona ba ta gama kakkaɓewa daga jikinsa ba. Na ce, "Mama, nawa bokiti?" Ta faɗi kuɗi, na taya, ta yi dariya ta ce, "Haba Alhaji, wannan na Bokkos ne, ba a taya shi haka." Hausarta irin ta Jos ce, mai sauri, ba ta tsananta bambanta namiji da mace a magana, amma ba ta laluben kalma ko kaɗan. Da maƙwabciyarta mai kabeji da karas, wadda ba yarensu ɗaya ba, ta tsoma baki, da Hausa suka yi shawara kafin ta rage mini. Haka abin yake a coci-coci da yawa na jihar, inda ake wa'azi da waƙoƙi da Hausa, kuma hedikwatar manyan ikilisiyoyi biyu, COCIN da ECWA, duk a Jos suke, kamar yadda a garin ne Sheikh Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a 1978.

Inda maganar suna ta fi ba ni abin tunani shi ne wajen fitattun mutanen jihar, kuma ba sai an buɗe littafi ba, allunan tituna da gine-gine sun isa. Filin jirgin sama da ke Haifan da babban titin da ya nufi Bukur duk sunan Janar Yakubu Gowon suke ɗauke da shi. Ɗan ƙabilar Ngas ne daga yankin Kanke, an haife shi a 1934, ya zama shugaban ƙasa a 1966 yana da shekara 31, ya raba Najeriya jihohi 12 a 1967, ya jagoranci ƙasar har aka gama yaƙin basasa a 1970, ya kuma kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973. Wanda ya karanta sanarwar kifar da gwamnatinsa a rediyo ranar 29 ga Yuli, 1975, lokacin Gowon yana can Kampala wajen taron shugabannin Afirka, shi ne kwamandan dakarun da ke tsaronsa, Kanar Joseph Garba, mutumin Langtang, wanda ya zama ministan harkokin waje, daga baya kuma ya shugabanci Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989. Janar Murtala Muhammad ne ya raba Binuwai da Filato ranar 3 ga Fabrairu, 1976, kuma kwana goma bayan haka aka kashe shi a yunƙurin juyin mulkin da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka, shi ma ɗan jihar, ya jagoranta. Cikin waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa a kan wannan lamari har da Joseph Gomwalk, gwamnan farko na Binuwai-Filato, mutumin da har gobe ake yabawa a Jos saboda jaridar Standard da ya kafa da reshen Jami'ar Ibadan da aka buɗe a garin a zamaninsa a 1971, wanda ya zama Jami'ar Jos a 1975. Sakatariyar jihar sunansa take amsawa. Da wuya a samu wata jiha da haihuwarta ta zo a cakuɗe da ɗaukaka da makoki irin haka.

Langtang ita kaɗai ta isa a yi mata babi. Daga wannan yanki na Tarok Janar Domkat Bali ya fito, wanda ya riƙe ma'aikatar tsaro, da Jeremiah Useni, ministan Abuja daga 1993 zuwa 1998, da Joshua Dogonyaro, da John Shagaya, abin da ya sa ake yi wa garin kirari da gidan janar-janar. Daga can ne kuma Solomon Lar, gwamnan farar hula na farko a 1979 kuma shugaban jam'iyyar PDP na farko. A majalisa an yi Ibrahim Mantu na Gindiri, mataimakin shugaban majalisar dattawa, da Ahmed Idris Wase, mataimakin kakakin majalisar wakilai daga 2019 zuwa 2023, ga kuma Pauline Tallen ta Shandam da ta yi mataimakiyar gwamna da minista. Sunan Wase ya isa ya tuna wa mutum cewa a jihar akwai tsofaffin masarautun Musulmi, Wase da Kanam, waɗanda ba a jayayya a kan kasancewarsu 'yan Filato.

Amma idan aka tsayar da mutum a Kano ko Maraɗi ko Kumasi aka ce ya ambaci wani ɗan Jos, ina kyautata zaton ba janar zai fara ambata ba, Ɗan Maraya zai ce. Na je Bukur musamman saboda shi, domin a can aka haifi Adamu Wayya a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Bukur ne, ya rasu yaron yana jariri, mahaifiyar ma ba ta daɗe ba ta bi shi, sarkin ya riƙe shi, daga nan sunan ya samo asali. Da kuntigi, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake rufe bakinsa da fata, ya yi wa karen mota da lebura da matan aure da talakan gari waƙa, a zamanin da yawancin makaɗa sarakuna da attajirai suke bi. Wani tela da na zauna a shagonsa, wanda ba Bahaushe ba ne, yana taka keke yana rera mini baitocinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce mahaifinsa ba ya tafiya gona sai da kaset ɗinsa a rediyo. Ɗan Maraya ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015, ya shafe rayuwarsa yana yawo da sunan Jos a jikin nasa har ƙasashen waje, kuma ban ji wanda ya taɓa cewa ya cire shi domin asalin iyayensa ba na tudun ba ne.

Haka na sake gani a wani gidan kallon ƙwallo a Dilimi, inda jikan kawu ya ja ni da daddare. Kafin a fara wasa gardama ta kaure kan wane ne gwarzon da garin ya fi alfahari da shi. Wasu suka ce Ahmed Musa, wanda aka haifa a Jos a 1992, ya buga wa Kano Pillars kafin ya fita Turai, ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya sake cin Iceland biyu a ta 2018. Wasu suka ce Mikel Obi, haifaffen Jos a 1987, ɗan wani Ibo mai harkar sufuri, wanda ya fara a Plateau United, ya ɗauki kofin zakarun Turai da Chelsea a 2012 da kofin Afirka a 2013. Wani dattijo a bayanmu ya ce duk yara ne, shi ya ga Mighty Jets da idonsa, ƙungiyar da ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, ya ambaci Sam Garba Okoye da Isma'ila Mabo, wanda daga baya ya kai 'yan ƙwallon mata na Najeriya zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar duniya ta 1999. Aka koma kan mawaƙan zamani irin su tagwayen P-Square da 'yan fim ɗin Hausa da garin ya haifa. An yi awa guda ana musu, kuma ko mutum ɗaya bai tambayi ƙabilar wani daga cikinsu ba. Kowa cewa yake yi namu ne, ɗan Jos ne.

Wannan ne ya tsaya mini a rai. Idan yaro ya ci ƙwallo ko ya yi suna a waƙa, ɗan Filato ne ba tare da an nemi takarda ba, amma ƙaninsa da aka haifa a ɗaki ɗaya da shi, idan ya zo neman gurbin karatu ko aikin gwamnati ko shiga soja, sai a ce ya kawo shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, a nan kuma ake tuna masa inda kakan kakansa ya fito. Tsarin mulkin 1999 da kansa ya bar ƙofar a buɗe, domin sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa, sashe na 147 kuma ya ce a naɗa minista daga kowace jiha wanda yake ɗan asalinta. Ba kuma zan ɗora wa Filato laifin ita kaɗai ba, domin mu ma a gida haka muke yi. Gowon a Wusasa ya girma, inda mahaifinsa ya yi aikin bishara, a Kwalejin Barewa ya yi karatu, Hausarsa ta Zazzagawa ce, kuma mu a Zariya muna bugun ƙirji da shi. Amma jikan wani Ibo ko Tarok da aka haifa a Sabon Garin Zariya ko na Kano, mun san amsar da zai samu idan ya je neman irin wannan takarda. Tsoron da dattijon Birom ya bayyana mini gaskiya ne, kuma ba a magance shi da cewa ya yi haƙuri kawai. Sai dai ban ga yadda za a yi a ce mutumin da kakansa ke kwance a maƙabartar gari baƙo ne a cikinsa ba, a Jos ne ko a Kano.

Ana gobe zan tafi kawu ya kira ni ɗakinsa, ya ce yana da buƙata. Jikan nan nasa da ya kai ni kallon ƙwallo ya gama sakandare, yana son ya cike takardar shiga aikin ɗan sanda, an nemi shaidar asali, ya yi ta zirga-zirga bai samu ba. "Ka tafi da shi," in ji kawu, "ka kai shi wurin dagacin ƙauyen kakanmu, ko Allah zai sa su sa masa hannu." Na ce, "To, Kawu, in sha Allahu." Yaron bai taɓa taka ƙasar Zazzau ba, Hausarsa ma da ya buɗe baki za a san daga inda ya fito. Da safe muka tafi tashar mota tare, yana riƙe da fayil mai ɗauke da takardar haihuwarsa da sakamakon jarrabawa da hotuna, muka samu kujera biyu a baya. Muna jiran mota ta cika ya fito da biro ya ce in maimaita masa sunan ƙauyen da na gundumar da sunan kakan kakansa, ya rubuta su a bayan fayil ɗin domin ya haddace kafin mu isa.